Hujin Allura a Bayan Katin Auta

Sai da aka yi sati uku kafin Gwaggo Mai Jaka ta ji abin da aka yi wa ɗanta, kuma ba daga bakinsa ta ji ba. Babbar 'yarta ce ta shigo shagon ɗinkin da rana tsaka, ta ture tarin ledar jakunkuna daga kan benci ta zauna, ta miƙo mata waya.

"Gwaggo, kin ga wannan?"

"Me zan gani? Kin san ni da rubutu sai kallo. Karanta min, ko ki ɗauke min waya daga fuska."

Hoton wata farar takarda ce manne a bango, an liƙa ɗan ƙaramin hoton Auta a samanta, irin na katin shaida, ya zaro ido kamar wanda aka tsare a hanya. 'Yar ta karanta a hankali. Wai an kama shi yana cuta a wasa, an riƙe katunansa guda sittin, kuma kada wanda ya sake zama teburi ɗaya da shi. Can ƙasa an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙi.

"Wannan mai ƙiba ɗin fa, me ta ce?"

"Macuci."

Gwaggo ta cire ƙafa daga kan keke. Shekara arba'in tana ɗinka jakar makaranta da rigar kujera a wannan layin, babu wanda ya taɓa dawo mata da kaya ya ce ta rage masa ko taƙi ɗaya na leda. Yau ɗan da ta haifa ne aka manna a bango kamar ɓarawon waya.

Auta ba yaro ba ne. Shekararsa talatin da shida, naɗin koyil ɗin fanka yake yi, kuma duk unguwar in fanka ta ƙone wurinsa ake kawowa. Matsalarsa ɗaya, i'ina. Tun yana ƙarami magana take maƙale masa a wuya, in ransa ya ɓaci kuwa sai ta ƙi fita gaba ɗaya. Mutane ba su da haƙuri, kafin ya gama kalma sun ƙarasa masa, yawanci kuma ba abin da yake nufi suke ƙarasawa ba. Saboda haka ya daina zama cikin mutane, sai a wurin wasan nan.

Ayarin Sama ake ce wa wasan. Na kati ne. Wai bayan shekara dubu duniyar nan ta ƙone, mutane sun hau jirage suna yawo tsakanin taurari, suna faɗa da wasu halittu a kan wurin zama. Kamfani ke buga katin ya sayar, amma masu son wasan sukan zana nasu da hannu, su kai wa ƙungiya ta gwada, in ta yarda a riƙa wasa da su. Ranar da Gwaggo ta fara ganin katin a ɗakinsa cewa ta yi karta ce, ta rantse sai ta zuba musu kananzir. Daga baya ta ga ba a sa ko kwabo, manyan banza ne kawai suke zama duk Asabar suna kashe juna da takarda. Ta kuma ga Auta yana dawowa da dariya a fuska. Sai ta ƙyale.

Shekara biyu ya yi yana zana nasa saitin. Mutanen Tsatsa ya sa musu, wasu talakawa ne da ke zaune cikin matattun jirage suna naɗa musu inji. Akwai Jirgi Mai Tari, akwai Kunamar Ƙarfe, akwai wata duniya da ruwan samanta ƙusoshi ne. Shi yake zanawa ya shafa fenti ya manna a kwali, ita kuma take yanke masa da babban almakashinta, don hannunsa ba ya tafiya a miƙe. Da maɓallin kwat take zagaye kusurwa. Sittin ɗin nan babu wanda bai bi ta hannunta ba.

Da yamma ta same shi a barandar gida, ya tasa gindin wata fanka a gaba.

"Kai! Sati uku kana zaune min a gida kamar kaza a kan ƙwai, ashe bango aka manna ka? Bakinka ciwo yake?"

"Ba... ba... ban yi ba."

"Na san ba ka yi ba, sakarai. Kai da in an ba ka canji ya yi yawa sai ka koma. Me suka ce ka yi?"

"Sun ce ka... ka... ka..."

Jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya yi ja. Ta tsaya tana jira, maganar ta ƙi fita. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗa waya. A nan ta gane yadda aka yi shari'ar: sun zagaye shi, sun tambaye shi, ya kasa magana, sun ce shiru amsa ce.

"Bar shi," ta ce. "Ni nawa bakin ƙalau yake."

Ranar Asabar bayan azahar ta rufe shago, ta rataya jakarta, ta nufi wurin. A saman wani shagon buga takardu ɗakin yake, sai an bi ta lungu an hau matakala. Ashirin da biyu ne, ta ƙirga su da gwiwarta, kowacce da zagin da ta samu. Ta tura ƙofa ba sallama.

Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, teburi uku an shimfiɗa musu koren ƙyalle, mutum tara a zaune, duk manya, wasu har da furfura. Fankar sama tana juyawa ba ƙara. Gwaggo ta ɗaga kai ta dube ta, ta san hannun da ya naɗa ta. Takardar tana jikin bango kusa da ƙofa, an danne kusurwowinta da salatif.

"Waye babba a nan?"

Wani siriri mai farar riga da gilashi ya ajiye katunan hannunsa a kife. Mai Kemis ne, shugaban ƙungiyar, ta san shi da gani, shagonsa na bakin titi.

"Mama, lafiya? In hoto za a cire miki, ƙasa ne."

"Ni ba mamarka ba ce. Da na haife ka da ka fi haka nauyi. Kai ka manna wannan?"

"Ƙungiya ce ta manna."

"Ƙungiya tana da yatsu? Wa ya lashi salatif ɗin?"

Wani ƙato a teburin ƙarshe ya fashe da dariya har yana buga cinya. Direban babbar mota ne, kowa Direba yake ce masa. Mai Kemis ya harare shi, ya gyara gilashi.

"Na gane. Mahaifiyar Mai Fanka ce. To Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan magana ce ta 'yan wasa, ba ta iyaye ba. Shi da kansa muka tambaye shi a nan, a gaban kowa, bai musa ba."

"Bai musa ba! Minti nawa kuka ba shi? Mutumin da in zai ce ina kwana sai rana ta ɗaga? Kun sani sarai. Shekara biyar yana zama da ku, ya gyara muku fanka kuna shan iska, ranar da ya buƙaci ku jira shi ya haɗa kalma biyu sai kuka yi masa taron dangi. Tir da halinku. Garada tara a kan mai i'ina ɗaya."

"Takwas," in ji wata mata da ke zaune kusa da taga, da fararen takalman asibiti a ƙafarta. "Ni ba gardi ba ce, kuma ni ban so a manna ba. Amma Gwaggo, gaskiya ɗaya ce, akwai hujja."

"To a fito da ita. Ba na motsawa daga nan. Na zo da ruwana."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora jakar a cinya. Mai Kemis ya yi tsaki, ya buɗe wata durowar ƙarfe da makulli, ya ɗauko katunan ɗaure da roba. Ganin su kawai sai da zuciyarta ta motsa. Kusurwowin nan tas, babu wanda ya fi wani.

"Bari in yi miki bayani yadda za ki gane," ya ce.

"Yi yadda kake yi wa masu hankali, zan lallaɓa in bi."

"Dokar farko a wasan nan, bayan kati duka iri ɗaya ne. In an kife su kada wanda ya san me ke ciki. Wanda ya san abin da zai jawo kafin ya jawo, ya gama cin wasa. Ɗanki ya ci sau tara a jere da saitin nan. Sau tara. Ni na fi shekara goma ina wasan nan ban taɓa cin biyar a jere ba."

"Au, ashe ciwon ke nan. Ba ka iya ba ne, ɗan nan, sai ka sha magani. Ai kana da shago guda."

"Nas," ya ce, "nuna mata."

Matar ta karɓi katunan ta cakuɗa, ta kife su a teburi, ta rufe ido. Ta shafa kusurwar na farko da ɗan yatsa.

"Halitta." Ta juya. Kunamar Ƙarfe ce.

Ta shafa na biyu. "Jirgi." Ta juya. Jirgi ne.

"Duniya." Ta juya. Ga ruwan ƙusoshi yana zuba.

Sau bakwai tana faɗa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ta buɗe ido ta dubi Gwaggo, ba da mugunta ba.

"Huji ne, Gwaggo, na bakin allura, a kusurwar hagu ta baya. Ɗaya halitta, biyu jirgi, uku duniya. Ido ba ya gani, sai da muka aro madubin mai gyaran agogo. Ni na fara ji, don yatsuna sun saba neman jijiya."

Gwaggo ta miƙa hannu. Aka ba ta kati ɗaya. Tun kafin yatsanta ya kai kusurwar ta riga ta san abin da zai tarar. Huji biyu, a jere, na biyun ya ɗan karkata, yadda hannun bahaguwa ke yi.

Bayan an manna zanen a kwali, a kife ake jera su a danne da dutsen guga har gam ya bushe. Auta ya ce mata in ta yanke ta riƙa raba su kashi uku, sunan kowane kashi yana rubuce a ƙasan kati. Rubutu. Sau biyu ta tambaye shi wanne ne wanne, a na uku ta ji kunya, uwa tana tambayar ɗanta kamar 'yar aji ɗaya. Zanen ma ba ya taimako, don jiragen Auta ido gare su, halittunsa kuma da taya. Sai ta yi abin da take yi wa leda kullum. Alli ba ya kama leda, saboda haka in ta yanka jaka takan soka allura a gefen da ɗinki zai rufe: ɗaya gaba, biyu baya, uku gefe. Duk katin da ya gama ya faɗi ko mene ne, yana juya baya ta soka masa alama. Ko a mafarki ba ta kawo laifi ne ba.

Kaza mai tone-tone. Ta hau matakala ashirin da biyu ta zo neman wanda ya ɓata sunan ɗanta, ga shi ta same shi a zaune a kan kujerarta.

"Yaya dai, Gwaggo?" in ji Mai Kemis, yana murmushi. "Bakin ya mutu? Ashe abin na gida ne."

Da bai faɗi haka ba, wataƙila da ta ɗan jima tana neman ta inda za ta fara. Ta miƙe tsaye.

"Ni na soka."

Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi.

"Na ce ni na soka! Da hannun nan. Shi bai ma sani ba."

"Allah sarki, uwa," in ji Mai Kemis. "Ko kisan kai ɗa ya yi, uwa za ta ce ita ta riƙe wuƙar. Mun ji, mun gode. A sauka lafiya, a kula da matakala."

Gwaggo ta ɗaga jakarta ta zazzage a kan koren ƙyallen, a tsakiyar wasan mutane. Almakashi, zare, gorar ruwa, man zafi, maɓallai, duk suka watse a kan jiragen wani mai furfura, ya yi tsalle yana salati. Ta juya cikin jakar waje kamar hanjin kaza, ta tura wa Nas.

"Ke mai neman jijiya, nemi nan. Bakin ɗinkin. Shekara shida da na ɗinka jakar nan, tun ɗana bai san zai zana ko ƙadangare ba."

Nas ta bi gefen ledar da yatsa. Ta tsaya. Ta matsa gaba, ta sake tsayawa.

"Ɗaya a nan. Biyu a nan. Ga uku a gefe." Ta ɗauki kati ta haɗa. "Har karkatar iri ɗaya ce."

"Don ni bahaguwa ce. Shi da dama yake ci. Ban iya karatu ba, ga shi na faɗa a gaban gardawa, sai ku ƙara a bango. Ya ce in raba masa gida uku, na raba yadda na iya. Wa ya taɓa gaya min kuna da doka a kan bayan takarda? Ku da kuka yi makaranta, da madubin agogo da komai, babu wanda ya yi tunanin tambayar wa ya yanke?"

Mai Kemis ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Ba mutumin da ke sakin abu da wuri ba ne.

"To, ke kika soka. Na yarda. Wannan bai nuna bai ji su ba. Shekara biyu katunan suna hannunsa. Nas ta ji a rana ɗaya, shi ya kasa ji a shekara biyu?"

"Ka taɓa kallon yatsunsa? Waya ta cinye su tun yana ɗan sha biyar. Kan yatsan nan kamar ƙahon sa. In allura ta faɗi ƙasa ba ya iya ɗauka, sai ya kira ni."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Direba. "Ranar da ya gyara fankar nan, dalma ta ɗiga masa a yatsa, ni na ji ƙauri na ce Mai Fanka kana ƙonewa. Shi ko a jikinsa."

"Kai ba a tambaye ka ba."

"Ai shi ma ba a jira shi ba, Shugaba. Kuma in za a faɗi gaskiya, ni ya ci sau uku cikin taran nan, kuma ni ko da katin a buɗe ake wasa sai an ci ni."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Mai furfuran da aka watsa wa maɓallai ya ce a ɗaga hannu, haka dokar ƙungiya ta ce. Mai Kemis ya tambaya su wa ke son a cire takardar. Nas ta ɗaga, Direba ya ɗaga, mai furfura ya ɗaga yana tsince zare daga katinsa, wasu biyu suka bi a hankali kamar hannun yana musu ciwo. Biyar. Gwaggo ta bi sauran huɗun da kallo ɗaya bayan ɗaya, don ta riƙe fuskokinsu.

"Shi ke nan, za a cire," in ji Mai Kemis. "Amma doka ta biyu tana nan. Katin da aka samu da alama, ko wa ya yi ta, yaga shi ake yi a gaban kowa. Ni ban rubuta dokar don ɗanki ba." Ya ɗauki na sama, Jirgi Mai Tari, ya riƙe da hannu biyu.

"Yaga ka gani."

Ba ta ɗaga murya ba. Almakashinta na kan teburi, ta ɗora hannu a kai kawai. Mai Kemis ya dubi almakashin, ya dubi fuskarta.

"Barazana kike min?"

"Kayana nake tattarawa. Ka ce laifin katin me? Bayansu ba iri ɗaya ba?"

"Shi ne."

"In sun zama iri ɗaya fa?"

"Huji ba ya toshewa, Gwaggo."

"Wa ya ce maka toshewa zan yi? Kai dai ƙwaya ka iya ƙirgawa. Miƙo."

Ta zaro allura daga bakin ɗankwalinta, ta zauna a teburin shugaba, ta ture katunansa gefe da gwiwar hannu. Ta ɗauki na farko ta shafa. Mai huji ɗaya ta ƙara masa biyu. Mai biyu ta ƙara masa ɗaya. Mai uku ta sake bi ta cikin tsofaffin don bakinsu ya yi daidai da sababbin, sannan ta murje kowanne da bayan maɓalli. Ba ta yi sauri ba. Mutum tara suka tsaya a kanta, wasa ya tsaya, babu abin da ake ji sai 'yar ƙarar allura tana ratsa kwali.

"Wallahi sai an yi katinki, Gwaggo," in ji Direba. "Tsohuwa Mai Allura. In an ajiye ta, duk jiragen abokin gaba su sace."

"Zana ni ka ga yadda ake sace tayar babbar mota."

Da ta gama sittin ta tura wa Nas. Nas ta cakuɗa, ta rufe ido, ta shafa, ta daɗe tana shafawa.

"Jirgi?" Ta juya. Halitta ce. Ta sake gwadawa, ta sake faɗuwa. A na biyar ta dace, a na shida da na bakwai ta kuskure. Ta buɗe ido. "Duk uku ne. Ba na iya rabewa."

Mai Kemis ya karɓa ya gwada da kansa, har da madubin agogo, yana neman abin da zai kama. Bai samu ba. Ya ajiye.

"Saura bango," in ji Gwaggo. Direba ya yunƙura zai cire, ta daka masa tsawa. "Zauna! Wanda ya manna shi zai ɓamɓare."

Mai Kemis ya je ya sa farce. Salatif ɗin ya kama fenti, sai da ya yi ta kankara, takardar tana yagewa guntu-guntu, kowa yana kallon ƙeyarsa. Ta sa ya ciro ɗan hoton Auta a hankali ya ba ta a hannu.

"Saura waya. Inda ka tura wancan, nan za ka tura wannan."

Ya ɗauki waya ya yi ta dannawa, fuskarsa a murtuke. Da ya gama ta ce Nas ta karanta mata, don ba ta yarda da shi ba ko da ƙwayar ciwon kai ce. Nas ta duba wayarta.

"Ya ce an janye hukuncin da aka yi wa Mai Fanka, ba shi da laifi, zai iya dawowa. Ya ce bincike ya nuna mahaifiyarsa ce ta ɓata katin saboda rashin ilimi." Ta dubi Mai Kemis. "Haba Shugaba. Wannan na ƙarshen fa? Kuma babu ban haƙuri."

"Ƙarya na rubuta?"

Gwaggo ta ji abin ya soke ta har ƙashi. Mutum nawa ne za su karanta? 'Yarta, surukinta, masu shagunan layinsu. Ta haɗiye.

"Ba shi da laifi ɗin yana ciki?"

"Yana ciki."

"Da manyan baƙi, irin na wancan?"

"A'a."

"Mai da shi manya. Sauran ka bar shi, tura. Ni rubutu bai taɓa cizona ba. Haƙurinka kuma ka riƙe, ka sayar a shago, wataƙila shi ya yi wa wani aiki."

Ta kwashe kayanta ta zuba a jaka, ta ɗaure katunan da roba, ta fita ba ta rufe musu ƙofa ba.

Kafin ta isa gida saƙon ya riga ta. Auta yana tsaye a baranda da waya a hannu, rana ta yi sanyi, yaran maƙwabta suna buga ƙwallo a lungu. Ta miƙa masa katunan da hoton. Ya cire robar, ya ɗaga ɗaya saitin haske, ya daɗe yana kallon ƙananan huji uku da hasken ke ratsawa.

"Ke... ke ce?"

"Ni ce mana. Ba ka karanta ba? Ai kai ka yi makaranta."

"Sa... sati uku ina ce wa kaina ko na ha... haukace ne. Ko na yi ban sa... sani ba."

"To ba ka haukace ba."

"Me ya sa ba ki ta... tambaye ni ba?"

Ta buɗe baki. Amsar tana nan, gajeriya ce, amma ta ƙi fita. Ya tsaya yana jira, shi da ya san yadda ake jira. Abin da ya fito daban ne.

"Na hau bene da gwiwar nan, na zubar da mutuncina a gaban mai sayar da ƙwaya, na dawo maka da sunanka da takardunka cif sittin. In ba ka ji ban haƙuri a cikin wannan ba, to kunnenka ma ya bi yatsunka."

Auta ya juya mata baya. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya sa katunan a ƙasan wayoyi, ya haɗa da sababbin zane huɗu da ke kan teburi suna jiran yanka. Ya rufe, ya datse kwaɗo, ya sa makullin a aljihu.

"Su waɗannan wa zai yanke maka?"

"Ni."

"Za su karkace."

"Su ka... karkace."

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a juye, har yanzu cikinta a waje. Ta dubi akwatin, ta dubi bayan ɗanta.

"In ka koma wurinsu," ta ce, "ka zauna teburin siririn nan, ka ci shi sau goma. Kada ka kuskura ka dawo min da tara."